Ƙaddara Ce Ko Dokar Mutum? Tambayar da Tarihin Dakta Barau Dikko Ya Bari

Duk wanda ya tare mai Keke a Kawo ko a Unguwar Rimi ya ce a kai shi Nursing Home, ba za a tambaye shi ina ne ba. Za a sauke shi a titin Lafia, a ƙofar asibitin da allonsa ke ɗauke da wani suna dabam: Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Sunan farko na zamanin Turawa ne, lokacin da wurin yake na jinyar ma'aikatan mulkin mallaka da iyalansu, baƙin mutum kuwa sai dai ya shiga da tsintsiya ko da farantin abinci. Suna na biyu na mutumin da ya fara zama likita ne daga Arewacin Najeriya. Yau ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna ne ke zagaya gadajen cikin fararen riguna, abin sauraron ƙirji rataye a wuya, suna biye da babban likita kamar jela.

Idan aka kawo labarin mutum irin Dikko a majalisa, nan da nan bakuna kan rabu biyu. Dattijo zai gyara zama ya ce rabo ne, ai rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma zafin nema ba ya kawo samu. Matashin da ya karanta littattafan ƙarfafa gwiwa zai ce a'a, ƙoƙari ne. Zai kawo sunan Ben Carson, yaron Detroit da mahaifiyarsa ta tilasta wa karatu har ya jagoranci raba tagwayen da kawunansu ke haɗe a 1987. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Sai dai dukansu biyu sun tsallake tambaya ta uku, wadda ta fi nauyi: katangar da aka ce mutumin ya haura, wa ya gina ta?

An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a 1912 a ƙasar Zazzau. Bafulatani ne, kuma Kirista, abin da ya sa tun farko bai dace da kowane layi da Turawa suka ja wa mutanen Arewa ba. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, makarantar da daga baya aka mayar Wusasa. Daga nan ya wuce King's College ta Legas, sannan Jami'ar Birmingham a Ingila. A 1940 ya kama aikin gwamnati a matsayin ƙaramin jami'in lafiya, ya yi ta hawa har ya zama babban sakatare a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa a nan Kaduna. A 1967 Janar Yakubu Gowon, shi ma ɗan Wusasa, ya naɗa shi kwamishinan tarayya na ma'adinai da lantarki. Ya rasu a 1977.

A jere haka, labarin ya yi santsi, kamar matakala ce aka kafa masa. Ba haka abin yake ba. Tun 1902 gwamnatin Birtaniya ta haɗa ayyukan likitocinta na Afirka ta Yamma a ƙarƙashin hukuma guda, ta kuma rubuta sharaɗi ƙarara cewa sai wanda iyayensa Turawa ne za a ɗauka. Likita baƙi, ko da a aji ɗaya ya zauna da Bature a Landan ko Edinbara, ko da ya fi shi maki, wani layi dabam ake sa shi, mai ƙarancin albashi, kuma ba a yarda ya shugabanci farar fata ba. Agnes Yewande Savage, 'yar wani likita ɗan Najeriya, ta gama likitanci a Edinbara a 1929 da sakamako mai daraja. Da ta kama aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, sai aka biya ta albashin ƙasa-ƙasa, kuma sai a 1945 aka daidaita ta da takwarorinta Turawa. Makarantar likitanci ta Yaba da aka buɗe a 1930 ma, mataimakan likita aka tsara ta yaye, da takardar shaidar da ba ta da daraja a wajen Najeriya.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne lokacin da aka kafa dokar. Ba a kafa ta don ana shakkar ko baƙi zai iya ba. An kafa ta ne bayan ya riga ya nuna ya iya. James Africanus Horton, ɗan wani bawa Ibo da aka 'yanta a Saliyo, ya karɓi digirinsa na likita a Edinbara tun 1859, ya yi fiye da shekara ashirin yana aiki a rundunar sojan Birtaniya. John Farrell Easmon ya zama babban likitan gwamnati na Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, a 1893, kafin a raba shi da kujerar bayan 'yan shekaru. Wato shekara arba'in da 'yan kai ana ganin hujja da ido, sannan aka rufe ƙofa. Wannan kaɗai ya isa ya girgiza mai cewa ƙwazo ne maganin wariya. Mai wariya ba hujja yake jira ba. Sau da yawa ma ƙwazon ne ke tayar masa da hankali.

Kaduna kanta an zana ta da irin wannan tunani. Da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, an ware unguwar Turawa, aka kuma tanadi cewa a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakaninta da inda 'yan ƙasa ke zaune. Dalilin da aka bayar na kimiyya ne, wai. Ronald Ross ya gano a 1897 cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sai wasu masu bincike suka ce jinin yaran Afirka ne ma'ajiyar cutar, don haka a nisanta Bature da su. Ba a ce a warkar da yaran ba. An ce a matsa daga kusa da su. Har gobe mai ido yana iya karanta wannan doka a jikin gari: manyan filaye, dogayen itatuwa da faffaɗan tituna a tsohuwar unguwar Turawa, sannan gidaje kafaɗa da kafaɗa da lunguna masu kwata a tsakiya a Unguwar Shanu da Tudun Wada. Kimiyyar da yaro baƙi ke marmarin koya, ita aka ara aka auna tazarar da za a ajiye shi.

To a nan tambayar addini ke shigowa. Mai imani ba ya musun ƙaddara. Rukuni ce cikin rukunan imani, mai daɗinta da maras daɗinta. Amma akwai bambanci tsakanin yarda da cewa babu abin da ke faruwa a wajen sanin Allah da ikonsa, da kuma ɗora wa Allah alhakin abin da wani magatakarda ya rubuta a ofis a Landan. Malaman tauhidi sun daɗe da rarrabe abin da Allah ya ƙaddara aukuwarsa da abin da ya yarda da shi. Zalunci yana aukuwa da ƙaddara, amma ba da yardarsa ba, kuma azzalumi ba ya tsira da cewa an rubuta. Da kafa hujja da ƙaddara yana wanke laifi, da ɓarawon akuya ma ya kare kansa da ita a gaban alƙali.

Akwai ƙissar da ta dace da masu aikin lafiya fiye da kowa. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, sai labari ya iske shi a wani wuri da ake kira Sarga cewa annoba ta ɓarke a can. Bayan shawara ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa, da ƙaddara ya kora, amma babu mai hankalin da zai zaɓi ƙeƙasasshen ya ce tawakkali yake yi. Likitanci gaba ɗayansa a kan wannan fahimta ya tsaya. Wanda ke ɗaura wa yaro ruwa a daren da amai da gudawa suka kusa tafiya da shi, ba jayayya yake da hukuncin Ubangiji ba.

Launin fata kuwa, malaman yankin nan ba su jira Turawa sun zo da maganar 'yancin ɗan'adam ba. Ibn Khaldun ya yi watsi da tatsuniyar da ke cewa baƙar fata tsinuwa ce da ta faɗa wa zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu. Ahmad Baba na Tumbuktu, a fatawar da ya rubuta a 1615 yana amsa tambayar mutanen Tuwat, ya ce launi ba ya halatta bautar da kowa, har ya ambaci Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a kama mutanensu ba. Tambayar da aka yi masa ita kanta shaida ce cewa cutar wariya ba a Turai kaɗai take ba. A ɓangaren Kirista ma, ɗaliban Wusasa sun tashi da labarin makahon da almajirai suka tambayi Almasihu ko zunubinsa ne ko na iyayensa ya jawo masa, aka amsa musu cewa ba ko ɗaya ba.

Dikko da abokansa sun fahimci wannan rarrabewa, kuma sun sa ta a aiki. A 1948 ya tara ma'aikata 'yan boko a Zariya, a daidai lokacin da D. A. Rafih ke tara wasu a Kaduna. Ƙungiyoyin biyu suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka yi babban taronta a Kaduna a 1949, Dikko ne shugaba. Abokan gāba uku suka ambata: jahilci, lalaci da zalunci. Jerin yana da hikima. Lalaci na wuyan mutum ne shi kaɗai, a nan matashin mai littafin ƙarfafa gwiwa ya yi gaskiya. Zalunci na wuyan wani ne, kuma komai sammakon talaka ba zai kankare shi ba. Jahilci kuwa rabi da rabi ne: akwai wanda ya ƙi makaranta, akwai wanda makaranta ta ƙi. Ba su sa ƙaddara a jerin ba, don ba abokiyar gāba ba ce, kuma ba su yarda a ɓoye ukun nan a bayanta ba. Da jam'iyyar ta rikiɗe ta zama ta siyasa a 1951, dokar aikin gwamnati ta sa Dikko ya sauka, ya koma ga majinyatansa.

Sai dai bai kamata a tsaya kan Bature kawai ba, don hakan ma wata hanyar wanke kai ce. Me ya sa likitan farko na Arewa ya fito daga 'yar ƙaramar al'ummar mishan, ba daga manyan biranen ilimi ba? Wani ɓangare na amsar yana ga Turawa, waɗanda suka kafa Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 don yaye malaman makaranta da ma'aikatan En'e, ba likitoci ko injiniyoyi ba. Wani ɓangaren yana gida. An yi zamanin da ɗan talaka ba ya ko mafarkin kujerar da aka tanadar wa ɗan sarauta, kuma har yau akwai gidajen da ake binciken asalin mai neman aure a ji ko jikan bayi ne, ko ɗan mahauta, ko ɗan wanzamai, alhali wanzami shi ne mai fiɗar garin kafin zuwan asibiti. Mutumin da ke jin zafi idan an raina shi a filin jirgin sama na Jidda ko na Landan saboda fatarsa, amma ya dawo gida ya kira maƙwabcinsa da sunan raini saboda ƙabila ko addini, bai ƙi wariya ba. Ya ƙi ne kawai a yi masa. Kaduna ta san farashin wannan. Bayan rikicin 2000 mutane suka yi ta ƙaura, Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, Kirista a kudancinsa, ba tare da wani gwamna ya auna yadi 440 ba. Asibiti na cikin 'yan wuraren da suka rage inda mai ciwo daga Rigasa da mai ciwo daga Sabon Tasha ke kwana gado kusa da gado, kuma babu mai tambayar addinin wanda ya ba da jinin da aka ƙara masa.

Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ta Wusasa ya bi shi ma, ya zama likitan Sardauna, sannan shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A zamaninsa aka buɗe tsangayar likitanci ta jami'ar a 1967, kuma daga nan ne aka fara yaye likitocin Arewa aji-aji maimakon ɗaya-ɗaya. Wannan ya fi kowane labarin jarumta muhimmanci, ko da yake bai kai shi daɗin ji ba.

Dokar launi ta mutu. Ta talauci tana nan da ranta, kuma ita ba a rubuce take ba, shi ya sa ta fi saurin shiga rigar ƙaddara. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke. A ɗauki yarinya a Badarawa ko Hayin Banki wadda kanta ke ja. Makarantarta tana da ɗakin gwaje-gwaje, amma kwalaben sun bushe, madubin ganin ƙwayoyin cuta kuma yana kulle a ofishin shugaba don kada a sace. Za ta zana shi a jarrabawa, ta sa wa kowane sashe suna daidai, ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. Za ta zauna jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta, wataƙila karo na biyu ke nan da ta taɓa dafa linzamin kwamfuta, tana gasa da wanda aka biya wa malamin gida tun yana aji huɗu. In ta tsallake, ga shekara shida a gabanta, in ba a yi yajin aiki ba, da kuɗin rajista, da littattafai masu kauri da tsada, da kuɗin mota zuwa asibiti kullum; kuma karatun likita ba ya barin mutum ya yi sana'ar gefe. A gida kuwa ana lissafin shekarunta, ana cewa sa'o'inta duk sun yi ɗaki. Ranar da ta haƙura, abin da za a ce shi ne Allah bai nufa ba.

Maganar gaskiya ce, kuma tana sanyaya zuciya; ba a raina ta. Matsalar ita ce wanda ke faɗinta. A bakin yarinyar, haƙuri ne da mai da al'amari ga Mai shi. A bakin wanda aka ba kwangilar kayan ɗakin gwajin bai kawo ba, wani abu ne dabam.

Labarin wanda ya tsallake ma yana da nasa haɗarin. Amurka na alfahari da Vivien Thomas, kafinta baƙi da ya yi asarar kuɗin da ya tara don karatun likita a karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929. Shi ya ƙware a aikin tiyatar zuciyar jarirai a ɗakin gwaji, kuma a 1944 a asibitin Johns Hopkins yana tsaye bayan likita Alfred Blalock yana yi masa jagora lokacin da aka fara yin aikin a jikin mutum. Ya yi shekaru ana biyansa a matakin mai shara, kuma sai a 1976 aka ba shi digirin girmamawa. Ana ba da labarin don a ce hazaƙa ba ta ɓuya. Amma an san Thomas ne saboda ya yi dacen shiga ɗakin da ya dace. Masu irin hannunsa da suka ƙare a gonar auduga, babu mai lissafinsu. Mutum ɗaya da ya haura katanga ba ya nuna katangar gajeriya ce, kuma idan aka mayar da shi sandar dukan sauran, ana ce musu ga wane ya yi ku me ya hana ku, to an zalunce su sau biyu.

Fiƙihu yana da amsar da ta fi ta majalisa. Imam Ghazali, a farkon Ihya'u Ulumiddin, ya sa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato wajibin da in wasu suka ɗauke ya faɗi a kan saura, in kuwa babu wanda ya ɗauka duk gari ya yi laifi. Har ya koka da cewa garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi, alhali kowa na rububin fannonin da ke kai mutum ga muƙami. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya zauna ya rubuta littattafai kan ciwon ido da basir. Idan aka bi wannan ƙa'ida, karatun yarinyar Badarawa ba burinta ne ita kaɗai ba, balle a bar ta da mahaifinta mai gadi su yi ta fama. Bashi ne a wuyan unguwa, da attajirinta da limaminta da kansilanta. A garin da ake cika jirage zuwa Umara kowane azumi, kuma ake gina masallaci a kusa da masallaci, da wuya a ce rashin kuɗi ne ya sa gidauniyar ɗaukar nauyin ɗaliban likita ta yi ƙaranci. Lamunin karatu na gwamnatin tarayya da ya fara aiki a 2024 ya rage wani abu, amma ba ya gyara ɗakin gwajin sakandare, inda aka fi zubar da yara.

Farillar tana da wani gefen da likitocin kansu ba su cika son a taɓo ba. In al'umma ce ke da alhakin yaye likita, shi ma likitan, al'umma na bin sa bashi. Dikko ya dawo daga Birmingham ya karɓi aiki a ƙarƙashin tsarin da ke ganin fatarsa kafin takardarsa. Yau hanyar ta juya: matasan likitoci na gama aikin koyon shekara ɗaya da hidimar ƙasa, su zauna jarrabawar Ingila ko su nemi Saudiyya, wasunsu ma a Birmingham ɗin suke sauka, inda sukan tarar da majinyacin da zai ce a kira masa wani likitan dabam. In an yi musu gori, amsarsu a shirye take. Za su ce sun yi tiyata da fitilar waya, sun sayi safar hannu da kuɗinsu, sun kwana uku a asibiti babu mai canjinsu, kuma a wuyansu akwai ƙanne biyar da uwa mai hawan jini. Kuɗin da suke turowa ne ke biyan makarantar ƙanwar da take son zama likita ita ma. Wasu malamai na ganin wanda aka koyar da dukiyar jama'a bai kamata ya tafi ya bar gari babu mai duba shi ba. Wasu na cewa ciyar da iyaye farilla ce ta kai da kai, tana gaba da ta kifaya, kuma ba a tilasta wa mutum ɗaya ya biya bashin da hukuma ta ƙi biya. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudurin hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Ƙungiyoyin likitoci suka yi masa ca.